Yadda Na Sallami Mazan Kankana

Shekarar da na yi ritaya daga ƙaramar hukuma, yayana da ke Kurfi ya ara mini garkarsa ta bakin madatsar ruwan Zobe. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: in na fitar da amfani a rani guda, garka ta zama tawa, in na kasa ya karɓe abinsa. Ni kuwa na cika baki a gaban iyali cewa zan nuna masa noman masu ilimi.

Kankana na shuka. Maƙwabtana duk 'yan tumatir da albasa ne, ban tambayi kowa komai ba. Da ta yi yaɗo sai na lura furenta iri biyu ne. Wani da 'yar ƙwallo a gindinsa, wani kuwa tsinke ne kawai da gari rawaya a tsakiya, ya buɗe da safe, kafin la'asar ya langaɓe. Su ne ma suka fi yawa. Na tsufa ina tantance ma'aikata, na san masu zaman banza in na gan su. Kullum da sassafe sai in bi kunya-kunya ina tsinke su, har ina yaba wa kaina.

'Yan ƙwallayen suka riƙa bushewa suna zuba. Na ƙara taki, na yi feshi, na zargi masu baki.

Rani ya ja sosai Yaya ya zo dubiya, ya tarar da tulin fure a gefen injin ban ruwa.

"Wa ya yi wannan ɓarna?"

"Ni ne, Yaya. Ba su haifar komai."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai ɗan boko! Ai mazan ne. Garin nan nasu zuma ke ɗauka ta kai ma matan. Tumatir namiji da mace ɗaki guda suke, masara nata yana can bisa kai, gwanda kuwa icce guda ne namijin, sai tsayuwa ya iya. Kowa da inda Allah ya aje mashi nashi. To, ka kori angwaye, wa zai yi ma amare ciki?"

Kunya ta rufe ni, ga haushi, don gaskiya na so garkar nan. Na roƙi a ƙara mini rani ɗaya.

Hannu kawai ya miƙo. Na zaro makullin injin na ba shi. Tun daga nan har gidana a Dutsin-Ma ina tsara abin da zan gaya wa maiɗakina, wadda ta riga ta yi wa unguwa kaf alkawarin kankanar shan ruwa.