Fannami da Layi Ɗaya na Gure

'Yan kasuwa suna cewa ba shi da kara. Matar wani babban ma'aikaci ta taɓa cewa agogonsa ma ya fi shi tausayi. Majo Ma'azu, mai kula da likitar Kelle, wato asibitin garin, cewa yake in ba don shi ba, da yaran da aka binne a garinsu sun ninka. Duk mutum ɗaya suke nufi, Malam Fannami na gidan waya, wanda zai ajiye aiki ƙarshen watan nan.

Layi ɗaya ne tak ya haɗa Gure da Damagaram. Gidaje da wuraren aiki goma sha huɗu masu talho, wato wayar magana, da mu talakawa masu zaman banci a ƙofar gidan waya, duk ta nan muryarmu take bi. Tun da safe zai zauna gaban allon wayoyinsa, ya ajiye agogo, ya fara rabo: kira ɗaya na masu gida, ɗaya na masu banci, kowa minti uku. In babban mutum ya bugo yana faɗa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai tsohuwa daga Bune a gabanka." Abu guda ne ke tsallake kowa, shi ne abin da yake kira maganar rai.

Sai shekarar sanƙarau ta zo. Mutum ya karya kumallo lafiya, da azahar wuya ya sandare, washegari a yi masa sutura. Uwaye suna ta taɓa ƙeyar 'ya'yansu. Duk wanda aka kira sunansa a gidan waya, da salati yake tashi.

Ni ma kwana biyu na yi a bancin nan. Innarmu tana kwance a babbar likitar Damagaram, ƙanena Mamadu na jinyarta. Da aka zo kaina, na ji Mamadu yana cewa, "Yaya, tsaya, an tallabo ta, tana son ta faɗa maka wata magana." Ina jin numfashinta. A daidai nan moto ya tsaya a waje, Majo Ma'azu ya shigo ko sallama babu.

"Fannami, mutum tara tun safe, allura ta ƙare!"

Malam Fannami, na ga hannunka ya tsaya a kan wayar kamar na ƙiftawa biyu. Sannan ka zare, ka katse kirana.

Majo ya yi maganarsa. Yana gamawa iska ta kayar da sanda a hanya, layi ya mutu kwana uku. Inna ta rasu a na biyu. Amma tun kafin nan na riga na faɗi abin da na faɗa. A gaban mutanen banci na nuna ka da yatsa na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai." Ni da ba a san ni da ɗaga murya ba.

Daga baya Majo ya ba da labari a wurin wani suna, ina gefe ina ji. Ashe motar magani tana shirin fita wani yanki, kiransa ne ya juyo da ita Kelle. Da an bar ni na cika minti ukuna, da layin ya mutu a hannuna.

Shekara uku ke nan na san haka. Kullum ka wuce shagona sai ka ce, "Sahabi, ya aiki?" Ni kuwa in duƙar da kai kan keken ɗinki.

Kai ne mai rabon da ba ya duba riga. Mun gode, Fannami. Wanda zai gaji kujerar nan, da duk wanda aka damƙa wa abin jama'a, ya duba yadda ka riƙe, ya kuma san wata rana za a tsine masa a kan daidai.

Da girmana na koyi rubutu, na zaci takarda za ta ɗauke mini nauyin nan. Ba ta ɗauke ba. Jiya na je na zauna a banci har aka zo kaina.

Malam Fannami ya ce, "Damagaram za a kira maka?"

Na ce, "A'a, kai na zo kira." Na juya yadda mutanen banci za su ji. "Malam Fannami, na janye Allah ya isan nan. Na zalunce ka. Ka yafe mini."