Tsaga Uku a Gindin Feda

Shekara arba'in da shida ƙanena ya yi yana leƙa gindin kekunan mutane. Na sha gaya masa, da haka ya dage da leƙa littafi, da yanzu alƙali ne. Shi ne autanmu, kuma har ya yi furfura Auta nake kiransa, su kuwa mutanen titi Mai Keke suke cewa. Rumfarsa na jingine da shagon ɗinkina, fallen kwanon rufi ɗaya ya raba mu, don haka ko tari ya yi sai na ji.

Ka kawo masa tsohon firam, wato ƙashin keke tsirara, ba taya ba sirdi, zai faɗa maka shekarunsa. Sai ya kifa shi, ya goge lambar da aka buga a ƙarƙashin mazaunin feda, ya kankare fenti da reza yana ƙirga sau nawa aka shafa, ya sa yatsu huɗu ya auna tsakanin ƙafafun baya. Ko tambarin ya faɗi, ramukan ƙusarsa sun ishe shi. Masu sayen gwanjo suna cewa baiwa ce. Ni da muka sha nono ɗaya na san ba baiwa ba ce, nema yake yi.

A shekarar da ya bar gaban maigidansa ya kafa tasa rumfar, wani ɗan kasuwa ya kawo masa kekunan tsere guda bakwai, masu lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, duk sun tsage a wuya wajen sauke kaya. Da tagulla ake ɗinke irin wannan. Auta ba shi da tagulla, ga shi kuma ba ya son a ce yaro ya kasa. Sai ya cike da dalma, ya goge, ya shafa fenti. Don tsabar jin kai har ya ɗauki magagari ya yi wa kowanne tsaga uku a gindin feda, wai a san aikinsa ne. Ni ma na yaba, Allah ya yafe mini. Me tela ta sani game da ƙarfe?

Bayan wata biyar ɗaya ya karye a gangaren asibiti, a ƙarƙashin mai raba wasiƙu. Mutumin ya rayu, amma bai ƙara taka ƙafarsa ba. Kowa ya ce tsautsayi ne. Auta ya je ya ga karayar da idonsa, ya dawo ya kwana uku bai ci komai ba.

Daga nan ya shiga farauta. Biyu ya samu a shekarar farko, ɗaya a hannun wani mai wanki, ɗaya a kan rufin wani gida kaji na kwana a kai, na shida, in an haɗa da wanda ya karye, sai da ya yi shekara goma sha tara. Duk wanda ya samu sai ya sa zarto ya yanke wuyan. Saura ɗaya. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta rasu tana zaton son keke ne ya yi masa yawa.

Bara ido ya fara gudunsa. Wata safiya ina cikin ɗinkin aljihu sai ga wata ma'aikaciyar jinya, da farin takalminta, ta saɓo firam shuɗi a kafaɗa.

"Baba, an ce kai ke faɗin shekarun ƙarfe. A gwanjo na tsinto shi. Mai shi ya rantse bai wuce shekara goma ba."

Na leƙo na ce, "'Yar nan, ni ma idan mai gwanjo ne zai sayar da ni, cewa zai yi ban wuce talatin ba."

Ta yi dariya ta ce so take a haɗa mata shi, ta gaji da jiran mota, kullum tana makara. Asibitin da take aiki kuwa shi ne na ƙasan gangaren.

Auta ya kifa firam ɗin a cinyarsa. Bai nemi reza ba. Babban yatsansa ya shiga ƙarƙashi, ya tsaya. Na ga ya koma baya, ya sake shafawa a hankali. Sai na cire ƙafata daga keken ɗinki.

"Shekararsa arba'in da bakwai," ya ce. "Asalinsa ja ne. An taɓa masa wuya da damina."

"Kai Baba! Har da damina? Aljanu gare ka?"

"Ni na taɓa shi, 'yata."

Ya gaya mata komai, har da mai raba wasiƙu, abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba sai ni. 

Yarinyar ta daɗe tana kallon firam ɗin. Ta ce, "To ai ya kai yau bai karye ba."

"Bai haɗu da ranarsa ba ne. Ki bar ni in yanka. Ga nawa can a rataye, shekara talatin ina hawansa, ki ɗauka."

"In na ƙi fa?"

"Naki ne. Sai dai kullum da safe za ki same ni zaune a bakin gangaren."

Ta miƙa masa zarto da hannunta. Sai ni na taso na danne masa ƙarfen da gwiwa, ina ce masa ya yi sauri, ƙashina ba na gwanjo ba ne. Zarton bai kai rabi ba wuyan ya ɓalle da kansa, cikinsa fari fat kamar toka. Yarinyar ta dafe ƙirji ta zauna a kan benci.

Ya sauko da kekensa, ya rage mata tsawon sirdi, ya gwada birki sau uku kafin ya sake shi.

Washegari wani ya kawo faci. Na zuba ido in ga ya kifa keken kamar kullum. Bai kifa ba. Ya liƙe tayar, ya hura, ya miƙa wa mai ita.

"Auta," na ce, "yau ba leƙe?"

"Yaya, miƙo mini ruwa," ya ce.

Guntun wuyan yana nan a shagona. Da shi nake danne yadi idan iska ta taso.