Katin Fanshon Munkaila

Munkaila ɗan aike ne a wani buron gwamnati a Malbaza tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari. Aikinsa kai takardu a keke, da share baranda, da dafa wa manya shayi. Da ya ajiye aiki sai ya koma gida Dogarawa, ya kama gonar ubansu, ya tara 'yan awaki. A lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, har ba ya gane mutum sai ya yi magana.

Fanshonsa a banki yake shigowa, a Konni. Aka ba shi kati da lambar sirri, shi kuma ya danƙa su ga ƙanensa Sirajo, direban taksi mai jigila tsakanin Dogarawa da Konni. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma Munkaila ne ya goya shi bayan rasuwar tsohuwarsu. In kuɗi sun shigo, Sirajo ya ciro a na'ura, ya haɗo da sukari da maganin ido.

Ana cikin bazara, wata rana Sirajo ya dawo hannu wofi.

"Yaya, na'ura ta ce babu komi ciki."

Washegari suka tafi tare. Matar da ke bayan gilashi ta duba, ta ce kuɗi sun shigo, sun kuma fita, an yi sayayya da su ta intanet. Munkaila ya ce shi ko salula sai an danna masa. Ta ce matsalar kati ba a nan ake gyara ta ba, akwai lamba da ake kira, ko a rubuta saƙo.

Ɗiyarsa Nafisa, mai ɗinki, ita ta riƙa rubutawa. Kowane saƙo amsa ɗaya yake samu da Faransanci: an karɓi kokenku, mun gode da kuka zaɓe mu. In ta kira, kiɗa ne har kiredi ya ƙare. Abin da ya kamata ya tafi wajen sayen irin shuka, duk ya tafi a sauraron kiɗan nan.

Ranar da mutum ya ɗauka, wani saurayi ne mai gaggawa. Ya ce lambobin katin daidai aka saka, saboda haka banki ba shi da laifi.

Nafisa ta miƙa wa Munkaila wayar, saurayin ya ce, "Baba, wa ke riƙe da katin?"

"Ƙanena."

"To, shi za ka tambaya."

Ya kashe.

Maganar ta zauna wa Munkaila a ƙirji. Sai ya tuna ya ji yara suna yabon sababbin tayoyin da Sirajo ya sa wa mota. Nafisa ta ce, "Baba, ka bi a hankali." Bai bi ba. Bayan la'asar, a ƙofar gida, gaban maƙwabta, ya sa aka kira Sirajo, ya ce in yana da gaskiya ya dafa Alƙur'ani.

Sirajo ya je ya yi alwala, ya dafa, ya rantse. Sannan ya ciro katin ya aza a kan tabarma.

"Tayoyin nan, tunkiyar Rabi munka saida. Ga kayanka, Yaya."

Rabi matar Sirajo ce. Kafin damina ta sauka ya bar layin Konni, ya koma ɗaukar kaya tsakanin Tawa da Agadas.

Munkaila ya ɗinke katin a cikin layar da ke ɗamararsa, ko wanka da shi yake shiga. Da fansho na gaba ya shigo, Nafisa ta raka shi Konni da kanta. Babu komai. An sake kwashewa, katin na jikinsa. A bakin bankin ya tarar da wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Bazaga da wata gwauruwa daga Tajaye, su ma haka aka yi masu. Wani ya ce ɓarayi ne suka kwafi lambobin katuna, ba sai sun taɓa katin ba. Munkaila ya nemi bango ya jingina.

Sai a ranar aka rufe katin. Kuɗin da suka tafi, har yau ana cewa ana bincike. Ya sayar da awaki suka ci, aikin idon da aka ce za a yi masa kuma ya wuce shi.

Ya sa Nafisa ta kira Sirajo ba sau ɗaya ba. Waya na shiga, ba a ɗauka. Ya aika liman, Sirajo ya ce ya yafe, amma bai zo ba, ko da sallah.

Da kaka ta yi, Rabi ta shigo da kwaryar wake. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ya ce a gaishe ka."

Munkaila ya juya fuska inda muryar take. Ya san Sirajo bai ce ba.

"Ina amsawa," ya ce. "Allah shi yi maki albarka."