Lola da Surukinta Mai Kunya

Luzviminda ne sunanta, amma duk unguwar Deira ta Dubai babu Bahaushen da ya taɓa kai ƙarshen sunan nan harshensa bai harɗe ba. Sai kowa ya bi bakin jikokinta yana cewa Lola, wato kaka da yaren Filifin. Bara ta rasu bayan gajeriyar jinya, aka kai ta garinsu aka binne kusa da mijinta. Aminullahi, surukinta, mutumin Kano mai haɗa wa 'yan kasuwa kago, wato kayan da ake aikawa gida, har yanzu in an ambace ta sai ya yi shiru, shi da ko a layin banki bakinsa ba ya hutawa.

Ɗinki ya kawo ta Dubai, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Marites. Da keken ɗinkin nan ta biya wa yarinyar karatu har ta zama nas, ta jawo ta kusa da ita. Aminullahi ya je asibiti a ɗinke masa yatsa, ya dawo da mata. Yaransu biyu, Muhsinat da Kamal, duk a hannun Lola suka tashi. Ita ke raka su Islamiyya, ta dafa wa gida abincin buɗa-baki, ran Lahadi ta ɗau jakarta ta tafi cocinta.

Amma saura kaɗan duk wannan bai faru ba.

Da aka haifi Muhsinat, Lola ta tattaro ta dawo gidansu a unguwar Al Khabaisi don raino. Aminullahi kuwa tarbiyyar cikin birni gare shi. Ya ji motsin suruka sai ya durƙusa, ido a ƙasa, kuma ko yunwa za ta kashe shi ba zai kai loma a gabanta ba. Su Lola kuma a wurinsu, wanda ya ƙi abincinka kai ya ƙi. Ta dafa kaza da tafarnuwa, ƙamshi har bakin lifta, ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi. Tana shiga ɗaki ya lallaɓa kicin ya share tukunya. Ita a zatonta mai jego ce ke wannan aiki.

Marites ta yi mata bayani cewa girmamawa ce. Lola ta ce wace irin girmamawa ce ake yi da yunwa? Ta fito da akwatinta, ta ce gida za ta koma, ba ta zama inda maigida ke ƙyamar girkinta. Ga hutun haihuwar Marites ya zo ƙarshe, ga jaririya babu mai riƙewa.

Aminullahi ya kai kukansa wurin Hajiya A'i, tsohuwar 'yar kasuwa da yake yi wa lodi.

"Kai ɗan nan, kontena kake cikawa, cikinka ya gagare ka?" in ji ta. "Surukar taka 'yar Fagge ce?"

"Hajiya, da kunya fa."

"To madalla. In ta tafi sai kunyar ta goya maka jaririyar. Yalla, tashi ka ba ni wuri."

Da yamma ya shiga gida, ya ja kujera ya zauna a tebur, ya miƙa faranti ba tare da ya ɗaga kai ba. Lola ta dube shi, ta zuba. Ta kuma ja tata kujerar ta zauna daidai gabansa, ta zuba tagumi tana bin kowace loma da ido. Gumi ya jiƙa masa riga, ga esi na ta aiki. Ya gama ta ƙara, ya gama ta sake ƙarawa, shi kuma ba bakin cewa ya isa.

Da ta ga ya fara numfashi da ƙyar, sai ta ɗauke farantin, ta karɓi Muhsinat daga hannun uwarta.

"Jeki goge kayan aikinki," ta ce wa Marites. "Ni da wannan muna nan."