Ni Na Sake Awon Yaran Indo

In Allah ya nuna mana watan Sha'aban, shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar Indo. Tare muka yi makarantar koyon jinya, tare aka tura mu aiki a ƙasar Daura, ɗiyarta Maryam kuma a hannuna aka haife ta. Kowace shekara nakan yi mata sadaka in yi shiru. Bana shirun ya ishe ni, domin da Sallar da ta wuce Maryam ta zo gaishe ni, ta zauna a bakin gadona ta ce, "Inna Saude, don Allah ki gaya mini gaskiya. Wai Umma abincin yara ta sata aka kore ta?" Na ce mata ta ƙyale maganar mutane, na tura mata kwanon cincin. Wannan amsar matsorata ce, kuma na san haka tun kafin in rufe baki.

Abin ya faru ne a shekarar da fari da fara suka haɗu suka cinye geron maƙwabtanmu na Nijar. Mata suka riƙa tsallakowa ta Kongolam da yara a goye, wasu yaran ko kuka ba sa iyawa. Wata ƙungiyar agaji ta kafa tantuna a wajen Mai'adua don masu tamowa, ta nemi aron nas-nas daga gwamnati, aka ba da ni da Indo da wasu. Maganin da ake bayarwa abinci ne a 'yar leda, dakakkiyar gyaɗa da madara, kuma wallahi yana aiki. Yaron da aka kawo yana langaɓewa, bayan mako biyu sai ka gan shi yana jan ɗankwalin uwarsa.

Amma ba kowane yaro ake ba ba. Akwai wani siririn tef na roba da ake naɗawa a damtsen yaro, an raba shi kala uku. In ya nuna ja, a rubuta sunansa a ba shi abinci. In ya nuna rawaya ko kore, a yi wa uwa nasiha a sallame ta. An koya mana cewa kada a ja tef ɗin, kada a sake shi, ya dai kwanta a kan fata kawai. Ni haka nake yi. Ita Indo, in ta ga yaro ya tsaya a bakin ja, rawaya amma da ƙyar, sai ta ɗan ƙara ja da babban yatsa har jan ya leƙo. Na gani tun makon farko. Na yi mata magana muna cin abincin rana, ta ce, "Ke Saude, wannan yaron in na kore shi yau, jibi za a dawo mini da shi ja wur. In jira sai ya kusa mutuwa sannan ya cancanta? Rigakafi ai ya fi magani."

Kada mai karatu ya ɗauka waliyiya nake zana masa. Indo na da baki, kai! Takan yi wa uwa tsawa a gaban jama'a don ta raba ledar yaro ɗaya wa 'ya'yanta huɗu, alhali ita ma ta san babu uwar da za ta ciyar da ɗa guda sauran suna kallo. Takan zo a makare ta ce mai babur ne. Kuma akwai makon da abincin ya ƙare mana kwana biyu kafin mota ta zo, wanda ba zan rantse cewa babu hannun yawan yaran da ta ɗauka a ciki ba. Masu cewa doka doka ce suna da abin faɗa, na yarda.

A wata na huɗu aka turo mai duba aiki, wani Malam Tukur, mutum mai ladabi da tsabtar riga. Ya zo da fom mai shafi huɗu a kan kowace nas: zuwa a kan lokaci, wanke hannu, tsabtar tebur, yadda take magana da marasa lafiya, da daidaiton awo. Kwana uku yana zaune a gefe yana rubutu. Bai taɓa ɗaukar yaro ko ɗaya ba, amma ya iya karanta rajista, nan ya lura layin Indo ya fi na kowa fitar da ja. Rana ta uku da hantsi ya tsayar da yara goma sha biyu da ta gama rubutawa, ya kira ni ya ce, "Sista Saude, ke ce hannunki ya fi daidai. Sake auna mana waɗannan."

Na ɗauki tef. Indo na tsaye ta harɗe hannu, ba ta roƙe ni ba, ba ta ƙifta mini ido ba. Cewa kawai ta yi, "Auna abinki yadda aka koya miki." Da na so, da na ja kamar yadda take ja, Malam Tukur yana can nesa da tebur, ba zai gane ba. Amma na tuna sunana, na tuna ƙarin girman da nake jira, na auna tsakani da Allah kamar yadda na gaya wa kaina a lokacin. Bakwai suka fito rawaya.

A cikin bakwai ɗin akwai wata yarinya Zule, 'yar shekara biyu, uwarta Harira ta tako da ita a ƙasa daga wani ƙauye can bayan Kongolam. Ni da kaina na karɓe katin karɓar abincin daga hannun uwar na ce ta je ta riƙa dama mata kunu da gyaɗa, ta ba ta ƙwai in ta samu. Ƙwai! Ga matar da rabonta da ganin gero a rumbu tun kafin damina. Harira ba ta yi musu ba, ta ce, "To, Allah ya saka da alheri," ta gyara goyo ta tafi. Bayan mako uku ta dawo. A wannan karon tef ya yarda da Zule ba sai an ja ba, ƙafafunta sun kumbura, bakinta duk gyambo. Kwananta biyu a tanti ta cika, ni ce na rufe mata ido.

Lokacin Indo ba ta nan, an riga an sallame ta. Rahoton ya ce ba ta da amana wajen awo, aka aika kwafinsa ofishin da ya ba da aronta, aka jefa ta wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a ƙauyen Zango, aka tsayar da ƙarin girmanta. Ku tuna zamanin ne, ana cikin ɗokin Shari'a, 'yan kwamiti na bin kasuwanni suna duba tiyar da aka bubbuga wa gindi, kowane wa'azi sai an taɓo masu tauye mudu. Kalmar "awo" da "rashin amana" suka fita daga ofis suka shiga gari, kafin su zagaya Daura sun zama "ta saci abincin marayu ta kai kasuwar Mai'adua". A gidan biki in ta shigo sai a rage murya. Matar da ba ta taɓa kai leda ɗaya gidanta ba! Ni kuwa aka ba ni takardar yabo mai zanen zinariya a gefe, aka ɗauke ni hoto ina riƙe da ita.

Ba ta taɓa yi mini gori ba, wannan ya fi komai ci mini rai. Na je wurinta sau ɗaya a ƙauyen, na same ta tana tafasa allura a kan risho. Na fara kame-kame, ta katse ni ta ce, "Bar shi. Yarinyar nan ta bayan Kongolam, ta dawo?" Na ce ta dawo. Ta ce, "Ja?" Na ce ja. Ta juya ta ci gaba da aikinta. Shekara biyu bayan haka ciwon ciki na kwana uku ya ɗauke ta. Ba zan ce takarda ce ta kashe ta ba, kwana ne ya ƙare, amma ta tafi da wannan tabon a kan sunanta.

Ga abin da ke hana ni sakewa har yau. Ba a daɗe da rasuwarta ba aka kawo mana sabon tef, aka tara mu a taron bita aka ce masana sun sake nazari, sun gano tsohon awon yana barin yara da yawa a waje suna mutuwa, don haka an faɗaɗa jan. Lokacin ni ma na zama mai duba aiki, da fom ɗina mai shafi huɗu. Na koma gida na jera tsohon tef da sabon a kan tabarma. Abin da aka ƙara bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. Daidai abin da babban yatsan Indo yake ja ke nan. Da a ce da sabon tef aka auna Zule ranar nan, da ban karɓe katinta ba. An tafa wa masana a wurin taron, an sha lemo. Babu wanda ya ce a buɗe fayil ɗin wata nas a goge layi ɗaya, ni ma da nake da kujerar faɗa ban ce ba. Laifi tudu ne, na daɗe ina taka nawa ina hango na Malam Tukur.

Nakan tambayi kaina me Indo za ta ce in ta ga yau. Tamowa ba ta bar ƙasar nan ba, tantuna ne suka zama gine-gine. Yanzu har iyaye mata ake raba wa tef su auna 'ya'yansu a gida, na tabbata da ta ji wannan sai ta yi dariyar nan tata mai ƙarfi ta ce, "Ashe! To a sa musu mai duba aiki mana." Nas-nas na yanzu da waya suke shigar da awo, a nan take ya isa ofis, ba dama yatsa ya yi jinƙai. Fom ɗin duba aiki ya ƙaru zuwa shafi shida, na cike ɗaruruwansu kafin in yi ritaya. Akwai gurbin wanke hannu, akwai na murmushi ga mara lafiya. Ban taɓa ganin gurbin da ake tambaya ina yaran da nas ta sallama suka ƙare ba.

Me ya rage na Indo? Babu ɗakin asibiti mai sunanta, babu hotonta a bango. Akwai dai wasu samari da 'yan mata a tsakanin Mai'adua da tsallaken iyaka, sun haura shekara ashirin yanzu, wasu da 'ya'yansu, waɗanda ba su san an taɓa ja musu tef ba, kuma ba za su taɓa sani ba. Akwai kuma fayil a wani kabad da har yanzu yake cewa ba ta da amana.

Maryam, ga amsar da na hana ki ranar Sallah, na ba ki ita a gaban duk mai karanta jaridar nan. Uwarki ba ta saci komai ba. Ta ja tef don yara su ci abinci, aka kore ta. Ni na ƙi ja, aka ba ni takardar yabo, Zule ta mutu a hannuna. Takardar na sauke ta daga bango, tana ƙarƙashin akwati tare da tef ɗin guda biyu. Ki zo ki ɗauki tef ɗin, ki jera su da kanki ki gani. In kin gama, in kina iyawa, ki yafe mini, tunda wadda ya kamata in roƙa na bari har ƙasa ta rufe ta. Allah ya jiƙan Indo, ya jiƙan Zule, ya auna mu da rahamarsa ba da irin awona ba.