Hoton Inna da Mujiyoyin Tsamiya

Ko me zan manta a duniya, ban da sanyin shekarar da aka yi wahalar sabon kuɗi. A shekarar ne na shiga ajin yaƙi da jahilci a Bungudu, da furfurata a gemu, kuma a cikinta ne na ɗauki hoton da ya hana a kori wata tsohuwa daga ƙauyenmu, can kusa da Rawayya.

Tsohuwar maƙwabciyarmu ce, kowa Inna yake ce mata. Aminiyar mahaifiyata ce, ta sha goya ni ina ƙarami. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, daddawa take yi tana ci da kanta. A tsakar gidanta akwai tsohuwar tsamiya, kuma da sanyi ya shigo sai mujiya biyu suka mayar da ita wurin barcinsu na rana. Mu kuwa kun san yadda muka ɗauki mujiya. Ko kukanta aka ji, sai an yi a'uzubillahi.

Ana haka ɗiyar wani mahauci ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, har aka kai ta asibiti. Sai magana ta tashi cewa Inna ce ke rikiɗa ta zama mujiya. Hujjarsu ita ce tun da tsuntsayen suka zo ba a ƙara ganin tsohuwar a waje ba. Wai in mujiya na bisa, Inna ba ta ƙasa. Ni na san sanyin ƙashi ne ya ɗaure ta a ɗaki, amma wa zai saurare ni? Aka daina sayen daddawarta. Wata safiya samari suka haura katanga suka sare reshe guda kafin a tsawata musu. Mahaucin ya kai ƙara wurin Mai Unguwa, aka ce bayan sallar Juma'a za a zauna, ko dai ta bar garin ko a san abin yi.

A makon ne malaminmu ya ba mu aikin gida. Ya ce kowa ya ɗauki hoton wani abu a garinsu da waya, ya rubuta bayaninsa da hannunsa. Ina da wata tsohuwar waya da ƙanena na Tudun Wada ya bar mini. A kan hanyar komawa gida tunanin ya faɗo mini: in har suna cewa ba a ganin su tare, to ni zan haɗa su a hoto ɗaya.

Na yi sallama gidanta da sassafe, ta amsa daga cikin ɗaki.

“Mi ya kawo ka, ɗan nan? Ba ka tsoron in cinye ka?”

“Inna, da za ki ci ni, ai da tun ina bayanki kin ci, lokacin ina da taushi.”

Ta yi dariya har da tari. Daga baya ta gaya mini rabonta da dariya tun kafin a fara maganar.

Ashe ɗaukar hoton mujiya ba wasa ba ne. Launinsu sak da ɓawon tsamiya, suna maƙale cikin ganye, ido a rufe. In ka matsa kusa, su buɗe ido ɗaya su ƙara lafewa. In ka ja baya, su ɓace a hoton. Ga hannuna yana rawa don sanyi, duk abin da na ɗauka sai ya fito kamar an dama kunu. Ita kuma Inna ba ta iya fitowa sai hantsi ya dubi ludayi, lokacin kuwa rana ta koma bayan bishiyar, komai ya yi baƙi. Kullum in zo, kullum in koma da wofi. Matata ta ce, “Malam, an tura ka neman boko, ka koma gadin mujiya?” Washegari na sake komawa. Wanda ya iya jiran damina da iri a hannu, jiran tsuntsu ba zai gagare shi ba.

Ranar Alhamis na kife turmin Inna kusa da garken awaki, na jingina wayar a kansa don kada ta motsa, na kwanta rubda ciki a ƙasa mai sanyi. Na roƙe ta ta daure ta fito da wuri. Ta fito tana dogara sanda, ta zauna a gindin tsamiyar lulluɓe da bargo, tana tsintar kalwa a faifai. Rana ta ratso ta gurbin reshen da samarin suka sare, ta sauka daidai kan tsuntsayen. Na riƙe numfashi, na danna.

Bayan Juma'a aka taru a ƙofar gidan Mai Unguwa. Ni da ban saba magana a taro ba, na miƙe na miƙa masa wayar. Ga mujiya biyu suna sharar barci a bisa, ga Inna a ƙasa da faifanta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ga mahaucin.

“To, wacce ce Innar? Ta bisa ko ta ƙasa?”

“Ranka ya daɗe, ai waya ma tana ƙarya.”

Mai Unguwa ya miƙe ya ce, “Tsamiyar ba ta ƙarya. Tashi mu je.”

Muka ɗunguma har da Liman. Aka tarar da su yadda suke a hoton. Inna ta ɗago ta dube mu, ta ce, “Sannunku da zuwa. Ku yi a hankali, kada ku tashe ni, ina barci a bisa.” Liman ne ya fara dariya, sauran suka bi. Sannan ya ce mujiya halittar Allah ce kamar kaza, kuma zargin baiwar Allah da maita ba ƙaramin zunubi ba ne. Mahaucin ya durƙusa ya nemi gafara. Ɗiyarsa kuwa an sallamo ta daga asibiti da ƙafafunta.

A aji na rubuta bayanin hoton da hannuna, haruffan suna karkace: “Wannan Inna ce. Waɗannan mujiya ne. Ba ɗaya suke ba.” Malam ya sa na karanta sau biyu, aka tafa mini. Har yau ban yi rubutun da nake alfahari da shi kamarsa ba.

An yi asarar reshen tsamiya ɗaya, da kwandon daddawa da ya lalace ba mai saye, da hulata da akuya ta tauna ina kwance bayan turmi. Inna kuwa a ɗakinta ta cika, shekarar da ta biyo, kuma mahaucin na cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Abin da na koya shi ne, in tsoro ya toshe kunnen mutane, kada ka ɓata bakinka da gardama. Ka yi haƙuri har ka samo abin da idonsu zai gani.