Ƙotar Gatarin Orest

Orest Demchuk bai taɓa kurɓar kofin safe ba sai dawakinsa sun sha ruwa. Tun ina amarya na tare a gonar da ke tsallaken titi da tasa, a nan arewacin lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada, ƙarar gatarinsa ce ke tashe ni duk hunturu. Yakan gangara tafkin bayan barga, ya sare ƙanƙara, ya kwashe ɓaraguzan da shebur, dawaki na jere a bayansa suna huci. Marigayiya matarsa Halyna takan ce da ita goɗiya ce da ta fi samun kulawa. Shi kuwa sai ya ce ai ba ta makara ba, akwai wuri a barga.

Da dawaki ya ja gungumen itace a ƙuruciyarsa, da su ya kai wa shanu ciyawa bayan kowa ya koma tarakta. Taurin kai gare shi, ga rowar magana, amma ban taɓa jin ya daka wa dabba tsawa ba. Da tsufa ya zo, dawakin suka rage uku, cikinsu har da Zirka, wata tsohuwar goɗiya da idonta ya yi hazo, sai dai ta bi sauti.

A kakar bara ciwon zuciya ya kwantar da shi, likita ta ce shi da sara har abada. 'Yarsa Larysa ta taso daga birnin Saskatoon kafin ƙasa ta daskare, ta sa aka binne bututu can ƙasa inda sanyi ba ya kaiwa, aka kafa mashaya mai kwano a kan turke. Doki ya danna ɗan faifan cikin kwanon da hanci, ruwa ya taso. Ya ɗaga kai, ragowar ta koma ƙasa kafin ta daskare. Gatarin kuwa ni ta kawo wa.

"Inna Nadia, ki ɓoye shi don Allah. Ko kuka ya yi kada ki ba shi."

Na cusa shi a ɗakin ƙasa, bayan kwalaben kokwamba.

Matasan dawakin biyu suka gane kan abin nan da nan. Zirka ta ƙi. Muddin tafki bai rufe ba babu damuwa, amma ranar da ƙanƙara ta kama shi sai ta gangara ta tsaya a bakinsa tana jira. Orest ya shafa maɗi a faifan, ta lashe ta juya. Na kai mata ruwan ɗumi a bokiti, ta tsoma leɓe kawai. Kashinta ya fara fita a bushe, ga busasshiyar ciyawa tana ci. Duk mai doki a nan ya san abin da ke biye: ciki ya toshe, kuma goɗiya mai shekarunta ba ta tashi daga wannan.

Da hantsi sai ga Orest a ƙofar kicin ɗina, ko ƙanƙarar takalminsa bai kakkaɓe ba.

"Ke uwar surutu, ba ni gatarina."

"Wane gatari? Zauna ka sha miya, tsoho."

"Nadia, ki daina yi min wasa. Mutuwa za ta yi."

"Kai kuma fa? Ka faɗi a kan tafki in ce wa Larysa me? In ce na ba ka aro?"

Na san shi shekara da shekaru, ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ran nan, kuma wallahi tausayinsa ya kama ni har na kusa sauka ɗakin ƙasan. Can sai ya ce, "To cire kan. Ki ba ni ƙotar kawai."

Ni na buge kan gatarin da guduma, na bi shi ina mita. Ya tsaya a gindin mashayar, ya shiga ƙwanƙwasa turken a hankali, da irin kiɗan da yake sara da shi: biyu a jere, ya huta, biyu a jere. Can bakin tafki Zirka ta ɗaga kunne. Ta hauro tana lalube har ta dunguri kafaɗarsa. Ya cire safar hannu, cikin sanyin da ke manne gashin hanci, ya danna faifan da tafinsa. Ruwa ya taso ya rufe yatsunsa, ta sa baki a kan hannun nasa ta sha, ta sha, har muna jin wucewarsa a maƙogwaronta.

"Yauwa, hajjaju," yake ce mata ƙasa-ƙasa. "Ai ga shi nan."

Haka ya dinga yi safe da yamma, kullum yana ɗan zame hannun baya, har ranar da hancinta ya danna faifan da kansa. Na ɗauka zai yi murna. Sai ya zo ya zauna a kicin ɗina yana juya cokali a kofi.

"Shi ke nan, an sallame ni," ya ce. "Turke ya gaje ni."

Washegari da safe na leƙa ta taga. Zirka ta sha ruwanta ita kaɗai, ta ƙoshi, sannan ta taka zuwa ƙofar shinge ta fuskanci gidansa, ta tsaya. Ba ta motsa ba sai da ya fito. Na tsallaka titi na same shi ya kifa goshi a wuyanta.

"Kin gani?" ya ce, bai ɗago ba. "Duk shekarun nan na ɗauka ruwan take jira."

Har yau kofinsa kan huce a kan tebur kafin ya dawo daga shinge.